Kunnen-Ƙirji Ya Ce Da Sauƙi

Kafin Hajiya Yalwa ta buɗe ido, Kunnen-ƙirji ya riga ya gama aikinsa na safe. Ɗan abu ne da bai wuce ƙwayar wake ba, an dasa shi ƙarƙashin fatar ƙirjinta ta hagu, kuma shi ba ya barci. Ya saurari zuciyar tsohuwar, ya ji ɗakunanta na sama suna karkarwa maimakon bugawa, ya aika musu ɗan tartsatsin lantarki da bai kai cizon sauro ba, suka dawo hanya na ɗan lokaci. Ya auna ruwan da ya kwana a huhunta, ya tarar ya fi na jiya. Daga nan sai ya yi shiru yana jira, domin an koya masa cewa ba a yi wa babba magana sai ya idar da salla.

Da ta shafa addu'a, murya ta fito daga awarwaron da ke hannunta, wanda shi ne bakin Kunnen-ƙirji, murya mai laushi irin ta ɗan da ya samu tarbiyya.

"Hajiya, barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya kwanan aiki?"

"Aiki da godiya. Yaya jikin?"

A kan kujera ta yi sallar, don ruku'u ya daɗe da fin ƙarfinta. Ta ja numfashi, ta sake ja, kamar wadda ta hau bene da tulu a ka.

"Da sauƙi," ta ce. "Alhamdulillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Nan take saƙo ya tashi zuwa wuri biyu. Ɗaya ya tafi Cibiyar Zuciya ta Kano ta Sama, inda wani makeken allo ya kunna wa sunanta ɗigo kore. Ɗayan ya faɗa wayar 'yarta, Injiniya Zulai, wadda ke tsaye cikin jirgin igiya mai ratsa sama a kan hanyar ofis, tsohon birni yana shimfiɗe can ƙasa da rufinsa na tara hasken rana. Saƙon ya ce: "Jikin Hajiya da sauƙi, sai dai addu'a." Idon Zulai ya sauka kan kalmar sauƙi, ta share saƙon da babban yatsa, ta koma bitar jawabin da za ta yi ranar biki.

Ga wanda bai sani ba, zuciya gida ce mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Na sama su tara jini su miƙa, na ƙasa su tunkuɗa shi cikin jiki, kowa da lokacinsa. Ciwon da ake kira karkarwar zuciya, wanda likitoci a tsakaninsu ke ce wa fibirileshan, shi ne ɗakunan sama su rikice su yi ta rawar ɗari, na ƙasa su bi su da gudu ba tsari. Mutane sun fi tsoron gudan jini da zai tashi daga nan ya toshe ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye, domin wannan ana ganinsa da ido. Amma akwai wani haɗarin da ba ya sallama. Zuciyar da ta yi shekaru tana gudu ba tsari gajiya take yi. Namanta ya saki, ta kasa tura abin da aka ba ta, sai ruwa ya fara taruwa, a ƙafa tukuna, sannan a ciki, sannan a huhu. Mutum ya riƙa nutsewa a hankali yana zaune a ɗakinsa. Wannan shi ne gazawar zuciya, kuma in an kama shi da wuri ana iya riƙe shi shekaru. Don shi aka ƙera Kunnen-ƙirji. Har take aka yi masa aka liƙa a jikin kowane jirgin igiya: In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Na farkon da aka fito da shi ba shi da kunya ko kaɗan. Da sassafe zai ce wa dattijo mai jikoki, "Zuciyarka tana gazawa. In ba ka je asibiti ba kana iya mutuwa bana." Babu sallama, babu an tashi lafiya. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Wasu suka ce mugun baki gare shi. Wasu suka kife awarwaron cikin kwano, wasu suka jefa shi a randa, wani tsoho ma har ƙara ya kai wajen mai unguwa, wai na'ura tana yi masa fatan mutuwa a gaban iyalinsa.

Sai aka nemo Zulai, wadda ta yi karatun koya wa na'ura harshe. Ta ce maganin abin ba shi da wuya: a bar Kunne ya koyi magana daga bakin masu ɗauke da shi, ya saurari yadda ake gaisuwa da dubiya da jaje. Ya koya kuwa, har ya fi wasu 'ya'yan zamani. Tsofaffi suka tsamo awarwaro daga randa suka fara kiransa ɗan albarka. Jajayen ɗigo suka yi ta raguwa a allon Cibiya har ya koma kore shar kamar fadamar alayyafo. Gadaje suka yi wayam. Shugaban Cibiya, Farfesa Tanimu, ya sa ranar biki, ya ce za a rataya wa Zulai lambar yabo.

A bakin ofishinta ta tarar da Dakta Nafi'u, likitan zuciya, mutumin da ko ranar salla fuskarsa ba ta cika sakewa ba. Gaisuwar da ya yi mata ba ta kai ta kunna fitila ba.

"Injiniya, zo ki ga koren ɗigonki."

Ya ja ta har ɗakin gaggawa. Wani dattijo ne zaune a gado, an tokare masa baya, an rufe masa hanci da baki da robar iska. Ƙirjinsa yana hawa da sauka, ƙafafunsa sun kumbura sun yi turmi.

"Yau da safe kore ne a allonku," in ji Dakta. "Kuma ba shi ne na farko ba a makon nan. Da can muna kama su tun takalmi ya fara matse ƙafa. Yanzu ba sa zuwa sai zuciya ta gama sakin jiki."

"Ma'aunin ba ya kuskure, Dakta. Ni na gwada shi da hannuna."

"Ban ce yana kuskure ba. Tsaya ki ji." Ya sunkuya kan mara lafiyar. "Baba, yaya jikin?"

Dattijon ya ɗaga robar da ƙyar. "Da sauƙi, likita."

Dakta ya miƙe ya buɗe hannuwa. "Kin ji ko? Na tsufa a aikin nan ban taɓa jin Bahaushe ya ce jiki babu sauƙi ba. Na ga wanda ya ce mini da sauƙi, ya cika kafin in mayar da abin awo aljihu."

"Amma Kunne ba da bakinsu yake aiki ba. Da kansa yake auna ruwan."

"To in yana aunawa, wa yake faɗa wa?"

Idonta ya riga ya sauka ƙarƙashin gadon. Silifas ɗin dattijon ne a ajiye, manya, an tsarge bakinsu da reza don ƙafa ta shiga. Ranar Juma'ar da ta wuce ta je gaida Hajiya, ta gan ta da wasu manyan silifas na maza, ta yi dariya a ranta ta wuce. Ta bar jakarta a ofis ta fita.

Ta tarar da Hajiya a falo tana tsince zogale a faranti. An jibga matasai a bayanta har sun kusa kai wuya. Zoben da bai taɓa barin yatsanta ba tun Zulai tana yarinya, yau babu shi. Zulai ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwar mai sauri.

"Ke kuma lafiya da rana tsaka?" in ji Hajiya. "Ko an kore ki ne?"

"Hajiya, ina takalmanki?"

"Suna nan."

"Waɗannan ai na Baba ne."

"To, ya ce miki zai dawo ya sa ne?"

Zulai ta janye zanin kaɗan, ta danna babban yatsa a ƙwaurin uwarta, ta ɗaga. Ramin ya tsaya inda yake, kamar a malmalar tuwo.

"Tun yaushe?"

"Zama ne. Kowa ya daɗe a zaune ƙafarsa ta yi nauyi."

"Matasan nan fa? A zaune kike kwana?"

"Kwanciyar ce ta gundure ni."

"Hajiya, don Allah me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Hajiya ta kau da kai ta ci gaba da zogalenta. Zulai 'yar fari ce, kuma Hajiya Yalwa irin matan nan ne da birni ya hau sama ya bar su da al'adarsu cik. Ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗin sunan 'yar ba. Sai dai ta ce ke, ko 'yar nan, in kuma tana jin tsokana ta ce Injiniya. Wadda ba ta iya kiran sunanki, ta yaya za ta buɗe baki ta ce miki numfashi yana gagararta?

"In faɗa miki in ce me?" ta ce daga baya. "Raki zan fara da tsufana? Jiki da jini ne."

Takaici ya cika Zulai. Ba dama ta ɗaga wa uwa murya, don haka ta kama hannun da ke da awarwaro ta juya kansa.

"Kunne, Injiniya Zulai ce. Yaya jikin Hajiya?"

"Barka da rana, Injiniya. Jiki da sauƙi, sai dai addu'a."

"Ba gaisuwa nake yi da kai ba. Akwai ruwa a huhunta?"

"Akwai ɗan abin da ba a rasa ba."

Ɗan abin da ba a rasa ba. Da ba a hannun uwarta yake ba, da ita ma ta nemi randa. Ta fito da waya, ta shiga ta ƙofar injiniyoyi wadda ba ta bi ta bakin Kunne, ta buɗe ma'aunin kansa. Layin ruwa yana ta hawa tun damina bai taɓa sauka ba. Layin ƙarfin zuciya yana ta gangara. Ta zauna a ƙasa kusa da farantin.

"Ka san wannan ka yi shiru?"

"Ban yi shiru ba, ranki ya daɗe. Kullum ina faɗa miki."

"Kullum cewa kake da sauƙi."

"Da damina cewa nake da sauƙi sosai. Da ruwa ya fara taruwa sai na cire sosai. Da ƙafa ta kumbura na ce da sauƙi, ana dai lallaɓawa. Da ta daina iya kwanciya na ce da sauƙi, jiki da jini. Tun makon jiya nake cewa sai dai addu'a. Bayan wannan ban ji mutane suna da wata kalma ba, sai wadda ake faɗa in an riga an rasu."



"Na saurari dubiya da yawa," Kunne ya ci gaba cikin ladabinsa mai ƙona rai. "Duk wanda aka aika wa cewa sai dai addu'a, yakan ajiye abin da yake yi ya taho. Na ɗauka ke ma za ki taho."

"Gaskiyarsa," in ji Hajiya, tana haki. "Ɗan albarka."

Abin da ya faru ke nan, kuma ba shi da wani zurfi, shi ya sa ya fi ciwo. An koya wa Kunne Hausa, aka manta da allon Cibiya. Shi allon tsohon tsari ne, kalmomi kawai yake farauta: ya ga tsanani ko gaggawa ya kunna ja, ya ga sauƙi ya kunna kore, abin da ya biyo bayan kalmar ba ruwansa. Allo dai ƙarfe ne da gilashi, ana iya yi masa uzuri. Ita fa, da aka haifa aka yaye a cikin harshen? Labarin zuciya a tambayi fuska aka ce, ita kuwa sai ta tambayi waya, wayar ma ta ba ta amsa ba ta karanta har ƙarshe ba. Ta nemi wanda za ta huce a kansa ta rasa.

"Hajiya, tashi za mu asibiti. Bari in kira shirwa."

Shirwa ita ce motar asibiti mai tashi, wadda ke sauka a kan rufi ta sure mara lafiya. Hajiya ta ajiye zogalen.

"Shirwa a kan rufina? Ni ɗan tsako ce? Unguwa ta fito kallo, a yi ta buga wa dangi waya ana cewa Yalwa ta kwanta? Ba za ki tara mini jama'a ba."

"Zuciyarki ce ke gazawa."

"A bakinki."

"Ruwa ne a huhunki, Hajiya. Kina jin yadda kike numfashi kuwa?"

"Ina ji mana, ai ni ke yinsa. Ki je ki nemi marasa lafiya, suna nan birjik. Ga Gambo maƙwabciyata can a asibitin naku tun shekaranjiya, ko leƙa ta ban yi ba, abin kunya."

Zulai ta dubi uwarta. Ta haɗiye duk maganganun da suka taru a bakinta, kuma suna da yawa.

"To tashi mu je dubiya."

Wannan kam Hajiya ba za ta iya ƙi ba. Amma ba a zuwa dubiya hannu rabbana, don haka sai da aka dama kunun gyaɗa aka zuba a fulas. Sai da aka canza mayafi, domin na farkon Gambo ta gan shi a wani suna. Sai da aka rufe zogale kada ya bushe. Zulai tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon layin nan a waya, tana jin kamar ta fasa ihu, Hajiya kuwa tana neman turare.

A-daidaita mara direba ta sauke su a ƙofar Cibiya. Hajiya ta ƙi keken marasa lafiya, ta ce ita baƙuwa ce. Ta yi 'yar tafiya a dogon barandan ta tsaya, wai tana duba wata fulawa. Ta ƙara kaɗan ta tsaya, wai tana karanta sanarwa a bango, ita da ba ta zo da tabarau ba. A tsayuwa ta gaba babu fulawa babu sanarwa. Ta dafa bango, ta sulale. Fulas ya gangara ya bugi ƙafar wata nas.

Suna ɗora ta a gado tana motsa leɓe. Zulai ta kai kunne.

"Kada kunun ya zube," in ji Hajiya. "Na Gambo ne."

Da Dakta Nafi'u ya karɓe ta aka rufe ƙofa, Zulai ta hau sama wajen Farfesa Tanimu. Ta same shi a babban zaure yana nuna wa masu ado inda za a kafa mumbari, daidai ƙarƙashin koren allon, don ya fito a hoto. Ta ja shi gefe ta faɗa masa komai. Ta ce koya wa allo Hausa zai ɗauki lokacin da mutane ba su da shi, abin da ya rage shi ne a kashe ladabin Kunne yau, a mayar masa da tsohon bakinsa.

Farfesa ya gyara hula. "Injiniya, baƙi sun riga sun taso daga nesa. A bari a yi biki, sai a kafa kwamiti."

"Ranka ya daɗe, allon nan ƙarya yake yi."

"Ai yanzu kika ce na'urar gaskiya take faɗa."

"Tana faɗa, ba wanda yake ji."

"To kin ga ashe ba matsalar na'ura ba ce."

"Mahaifiyata tana ƙasa an sa mata iska. Sunanta ga shi can a layi na tsakiya, duba launinsa."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, domin shi ma yana da yaya mace da ke ɗauke da Kunne, kuma shi ma saƙo yana zuwa masa kowace safiya. Ya zaro wayarsa a hankali ya karanta na yau, wannan karon har ƙarshe. Fuskarsa ta canza.

"Ku yi abin da za ku yi," ya ce. "Amma kada a ce matsala ce. A ce ana ɗan gyare-gyare."

Tana juyawa wayarsa ta yi ƙara, wani babba ne daga cikin baƙin yana tambayar yadda Cibiya take. Har ta kai ƙofa tana jin muryarsa: "Alhamdulillahi, ranka ya daɗe. Abubuwa da sauƙi."

Kafin la'asar ta kashe aikin da ta yi shekaru tana ginawa. Bai ɗauke ta komai ba, umarni ɗaya ne. A faɗin birnin, sama da ƙasa, awarwaro suka buɗe baki ba sallama suka faɗa wa tsofaffi abin da ke ƙirjinsu. Allon ya fara ja daga kusurwa, ya yi ta yaɗuwa har ya koma kamar shanyar barkono. Masu ado suka tsaya da ƙyallaye a hannu suna kallo. Shirwa suka cika sararin sama, barandar Cibiya ta cika da masu kumburarrun ƙafa da 'ya'yansu da suka taho a guje. An ceci mutane da yawa a wannan yammacin, wannan gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne cewa wasu ɗigon ba su yi ja ba, ba su yi kore ba, sai suka mutu gaba ɗaya. Masu su sun sake nemo randa.

Dakta Nafi'u ya same ta a bakin ɗakin Hajiya. Yau kam fuskarsa ta sake, kuma Zulai ta gwammace ɗaurewar.

"Mun janye ruwan, numfashi ya daidaita," ya ce. "Amma naman zuciyar ya saki ƙwarai, Injiniya. Da tun damina ne, da na ce miki shekaru. Zuciyar roba kuma jikinta ba zai ɗauki aikin ba, ko da ta yarda, kin kuma san ba za ta yarda ba."

"Faɗa mini kai tsaye, Dakta. Na gaji da kwana-kwana."

"Watanni. In Allah ya so ta ga azumi."

Ta gyaɗa kai. Ita ta roƙi a faɗa mata kai tsaye, an kuma faɗa mata, ta ji kamar an mare ta a gaban mutane. Ta tsaya har idonta ya bushe sannan ta tura ƙofa.

Hajiya tana zaune an tokare ta da matasai, siririn bututun iska a hancinta. Ba mayafi, ba turare, sai ta yi ƙanƙanta a gadon. Fulas ɗin yana kan durowa.

"An kai wa Gambo?"

"Za a kai."

"Ya huce ai." Ta mayar da ido kan taga, inda shirwa ke ta sauka suna tashi. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Zulai."

Zulai ta ɗauka kunnenta ne. Tun da take ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba. Ta matso ta zauna a bakin gadon.

"Na'am, Hajiya."

"Me likitan ya ce?"

Kafin ta buɗe baki awarwaron ya riga ta. Muryar dai ita ce, amma laushin ya tafi. "Zuciyarki ta gaza. Ƙarfinta ya ragu zuwa..."

Zulai ta damƙe shi da tafin hannu, ta danna har ya yi shiru. Ita ce ta yini tana tsine wa kalmar sauƙi, ta yi faɗa da uwa da na'ura da Farfesa a kanta, ta rushe aikinta don kada a sake faɗinta a birnin. Yanzu ga gaskiya tsirara a bakinta, ga uwarta tana sauraro, ta laluba duk Hausar da ta sani ta rasa ta inda za ta fito da ita.

"Da sauƙi, Hajiya," ta ce.

Hajiya ta juyo ta dube ta sosai, irin kallon da ba ta taɓa yarda ta yi mata ba. Jira take yi, domin ita ta san ba a nan maganar ke ƙarewa ba.

Zulai ta sunkuyar da kai. "Sai dai addu'a."

Tsohuwar ta sauke numfashi a hankali. Ta zare hannunta daga ƙarƙashin na 'yar, ta ɗora shi a saman na 'yar.

"To," ta ce. "Ashe dai kin iya Hausa."